Tarihin Franz Rosenzweig, masanin da ya mayar da manya aji a birnin Frankfurt

A ranar 10 ga watan Disambar shekara ta 1929 ne masanin falsafar nan Bajamushe kuma Bayahude, Franz Rosenzweig, ya mutu a gidansa da ke birnin Frankfurt, saura makonni biyu kacal ya cika shekaru 43 a duniya.

A lokacin mutuwar tasa ya shafe fiye da shekaru shida ba ya iya magana, ba ya kuma iya riƙe alƙalami. Duk da haka a cikin waɗannan shekarun ne ya kammala fassarar waƙoƙin wani sha'irin Andalus, ya yi nisa a sabuwar fassarar littattafan Yahudawa masu tsarki zuwa Jamusanci, har ma yana yi wa wata jarida sharhi a kan fayafayen kiɗa.

A jami'o'i an fi tunawa da shi saboda wani littafi mai wuyar fahimta da ya soma rubutawa a fagen yaƙi. To amma aikin da shi kansa ya zaɓa, ya kuma bar kujerar jami'a dominsa, shi ne wata makarantar manya wadda ba ta taɓa mallakar ginin kanta ba, ba ta kuma ba ɗalibi takardar shaida.

Tasowarsa

An haifi Rosenzweig ranar 25 ga watan Disambar 1886 a garin Kassel. Shi ne tilon ɗan Georg Rosenzweig, wani attajiri mai masana'antar kayan rini da fenti wanda kuma ke da kujera a majalisar garin, da matarsa Adele.

A shekara ta 1871 ne Yahudawan Jamus baki ɗaya suka sami cikakken 'yanci daidai da na sauran 'yan ƙasa a ƙarƙashin doka. Yawansu bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na al'umma ba, amma cikin ɗan lokaci suka yi fice a aikin likita da lauya da jarida da kasuwanci. Farashin wannan ci gaba a gidaje da yawa shi ne addinin kakanni ya koma abin da ake tunawa da shi sau biyu ko uku a shekara. Yaro zai tashi ya san waƙoƙin Goethe da kiɗan Beethoven ciki da bai, amma idan aka miƙa masa littafin addu'a da harshen Ibrananci sai ya yi zuru.

A irin wannan gida Franz ya tashi. Wanda kawai ke riƙe da ibada a kusa da shi shi ne wani ƙanen kakansa mai suna Adam, mai sana'ar sassaƙa hotuna a kan katako, wanda ke zaune tare da su.

A 1905 ya shiga jami'a domin karatun likita, daga baya ya sauya zuwa tarihi da falsafa. A 1912 ya sami digirin digirgir a jami'ar Freiburg a hannun mashahurin masanin tarihi Friedrich Meinecke, da wani bincike a kan ra'ayin Hegel game da hukuma.

Ya kusa barin addininsa

A wancan zamani ba baƙon abu ba ne matashin Bayahude mai ilimi ya karɓi Kiristanci. Wasu don neman muƙami suke yi, wasu kuma don sun ga babu abin da ya rage a nasu addinin da zai amsa tambayoyinsu. 'Yan uwansa biyu na kusa, Hans da Rudolf Ehrenberg, Kiristoci ne, haka ma abokinsa Eugen Rosenstock wanda aka haifa Bayahude.

A daren 7 ga watan Yulin 1913, a birnin Leipzig, aka tafka wata doguwar muhawara tsakanin Rosenzweig da Rosenstock a gaban Rudolf Ehrenberg. Rosenzweig ya shiga da hujjojin falsafa, ya tarar da mutumin da bai gaza shi ilimi ba amma yake addu'a da zuciya ɗaya. Abin ya girgiza shi ainun, ya kuma yanke shawarar shi ma zai zama Kirista.

Sai dai ya gindaya wa kansa sharaɗi. Ya ce zai shiga Kiristanci ne ta ƙofar da almajiran farko suka shiga, wato a matsayin Bayahuden da ya san abin da yake bari. Saboda haka ya soma halartar ibada, kuma a watan Oktoba ya yi Yom Kippur, ranar azumi da neman gafara mafi girma a wajen Yahudawa, a wani ƙaramin wurin ibada na masu bin tsohuwar al'ada a Berlin.

Kafin ƙarshen watan ya rubuta wa Rudolf Ehrenberg cewa ya fasa, zai ci gaba da zama Bayahude. Shi dai Rosenzweig bai taɓa rubuta abin da ya faru da shi a wurin ibadar ba. Almajirinsa Nahum Glatzer ne ya yaɗa labarin bayan mutuwarsa, kuma wasu masu bincike na baya-bayan nan na ganin an ɗora wa wannan yini guda nauyin da ya fi ƙarfinsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne mai digirin digirgir ya koma ɗalibi, yana zama gaban dattijon masanin falsafa Hermann Cohen a Berlin, yana koyon abin da ya kamata a ce ya sani tun yana yaro.

Littafi a kan katin wasiƙa

Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke a 1914, ya fara da aikin jinya a ƙungiyar agaji ta Red Cross, daga bisani aka tura shi wata rundunar kakkaɓo jiragen sama a yankin Balkan. Daga can ne a 1917 ya aike wa Cohen wata buɗaɗɗiyar wasiƙa yana kukan yadda ake koya wa yara addini sa'o'i ƙalilan a mako, ba tare da harshen da aka rubuta shi ba. A 1918 kuma, lokacin wani horon hafsoshi kusa da birnin Warsaw, ya ga talakawan Yahudawan Poland waɗanda karatun addini bai taɓa yankewa a cikinsu ba.

A watan Agustan wannan shekara ya soma rubuta babban littafinsa, Der Stern der Erlösung, wato Tauraron Ceto. Sassan farko a kan katunan wasiƙar soja ya rubuta su yana aikawa gida. Ya kammala a watan Fabrairun 1919, aka buga a 1921.

Littafin ya buɗe ne da tsoron mutuwa, wanda a ganinsa manyan masana falsafa tun daga Girkawa har zuwa Hegel sun rufe wa mutum ido a kansa. Ya gina bayaninsa a kan abubuwa uku, Allah da duniya da mutum, da kuma alaƙoƙi uku da ke haɗa su, wato halitta da wahayi da ceto. Idan aka zana waɗannan a matsayin alwatika biyu da suka hau juna, sai su ba da tauraro mai tsini shida. Ya kwatanta Yahudanci da wutar da ke tsakiyar tauraron, Kiristanci kuma da hasken da ke fita zuwa duniya.

Ga Musulunci kuwa bai yi adalci ba. Ya ɗauke shi tamkar kwaikwayon addinan biyu, yana kawo shi a wurare da dama don kawai ya nuna abin da a ganinsa wahayi bai kamata ya zama ba. Hatta masana da ke girmama littafin sun amince cewa wannan ɓangare ya dogara ne da kallon da Hegel da Turawa masu nazarin Gabas ke yi wa Musulunci a lokacin, kuma yana cikin sassa mafiya rauni a littafin.

Makarantar da ba ta da gini

Bayan yaƙi Meinecke ya yi masa tayin hanyar zama malamin jami'a. A watan Agustan 1920 Rosenzweig ya ba shi haƙuri. Dalilinsa shi ne tambayoyin da mutane masu rai ke yi sun fi jan hankalinsa fiye da waɗanda fannin ilimi ke ƙirƙira wa kansa. A farkon shekarar ya auri Edith Hahn, suka tare a Frankfurt, birnin da ke da Yahudawa kusan dubu 30, na biyu a yawa bayan Berlin.

A can ya tarar wasu, ciki har da malamin addini Georg Salzberger da wani matashi Erich Fromm, sun riga sun kafa ƙungiyar ilimantar da manya. Aka damƙa masa ragama, kuma a watan Oktoban 1920 aka buɗe Freies Jüdisches Lehrhaus.

Kalmar Lehrhaus, gidan karatu, fassara ce ta sunan ɗakin da Yahudawa tun zamanin da ke zama a ciki suna nazarin Attaura da Talmud, kusan kamar yadda magidanta ke ɗaukar karatu a zauren malami bayan an taso daga kasuwa. Kalmar farko ta sunan kuwa na nufin 'yanci: babu jarrabawar shiga, babu tambayar da aka haramta, ba a kuma tambayar mutum ɓangaren da yake bi. Wanda ba Bayahude ba ma yana iya zama. Kuɗi kam ana biya, domin Rosenzweig na ganin mutanen birni ba sa daraja abin da aka ba su kyauta. Ɗakuna ake haya nan da can a cikin gari.

A jawabinsa na buɗe makarantar ya bayyana abin da ya raba ta da tsohon zaure. A da, in ji shi, mutum kan tashi daga Attaura ya fita zuwa rayuwa. Yanzu da mutane suka yi nisa, dole a juya tafiyar: a tashi daga rayuwar da suke ciki a nufi Attaura. Ba a bukatar likita ya ajiye likitancinsa a bakin ƙofa, ko mai son adabi ya ji kunyar Goethe. Da abin da yake ɗauke da shi zai shigo, daga nan a nemi hanya. Har ma ya yi iƙirarin cewa wanda ya fi kowa nisa shi ya fi dacewa da wannan karatu, domin shi ne ya fi kawo kaya daga waje.

Wannan ra'ayi ne ya sa jerin malaman makarantar ya zama abin mamaki. Darasin Attaura da ya fi farin jini wani masanin haɗa sinadarai ne mai suna Eduard Strauss ke bayar da shi. Akwai likita Richard Koch, da ɗan jarida Siegfried Kracauer, da Bertha Pappenheim wadda ta kafa ƙungiyar matan Yahudawan Jamus a 1904. Erich Fromm, wanda daga baya ya shahara a duniya a nazarin halayyar ɗan Adam, bai daɗe da haura shekaru 20 ba lokacin da ya soma koyarwa a wurin. Gershom Scholem ya karantar da littattafan sufancin Yahudawa kafin ya ƙaura zuwa birnin Ƙudus a 1923. Shmuel Yosef Agnon, wanda ya ci kyautar Nobel ta adabi a 1966, ya karanta wa jama'a ƙagaggun labaransa da Ibrananci, ta yadda masu koyon harshen suka ji shi a bakin marubuci mai rai, ba a littafin addu'a kaɗai ba.

Babban malamin addinin da ke cikinsu, Nehemia Anton Nobel, mai bin tsohuwar al'ada ne kuma gwanin wa'azi, amma har laccoci ya gabatar a kan Goethe. Laccocin da Martin Buber ya yi a farkon 1922 kuwa su ne suka zama tushen sanannen littafinsa Ich und Du, Ni da Kai, da ya fito a 1923.

Rosenzweig ya fi son malamin da bai yi wa ɗalibansa nisa ba, wanda zai iya sauraron tambaya kafin ya buɗe baki. Manyan laccoci a wajensa tarko ne kawai na janyo mutane. Ainihin aikin yana cikin ƙananan rukunoni inda ake buɗe littafi a bi shi layi-layi, da kuma azuzuwan Ibrananci, waɗanda shi da kansa ya koyar da wasunsu.

A nan ne kuma shirin ya yi tuntuɓe. A farkon 1923 masu rajista sun kai kimanin 1,100, adadi mai yawa ga al'umma irin ta Frankfurt, amma galibinsu sun zo kallon Buber ne da sauran masu suna. Kaɗan ne suka jure zaman koyon baƙaƙe da nahawu. Masu tsananin riƙo da al'ada sun ɗauki makarantar wasa da ilimi, wasu masana kuma na ganin taron 'yan koyo ne ke koyar da 'yan koyo. Nobel ya mutu kwatsam a watan Janairun 1922, tsadar rayuwa ta 1923 ta cinye kuɗin mutane, sannan jagoran kansa ya kwanta. Zuwa 1926 karatun yau da kullum ya tsaya.

Shekaru takwas na jinya

A farkon 1922 ne likitoci suka gano yana ɗauke da cutar nan mai kashe jijiyoyin motsi sannu a hankali, wadda ake kira ALS, irin wadda masanin kimiyya Stephen Hawking ya yi fama da ita. An zaci ba zai wuce shekara guda ba. A watan Satumba aka haifa masa ɗansa tilo, Rafael. Kafin ƙarshen shekarar hannunsa ya daina rubutu, a 1923 kuma harshe ya tafi.

Aka ƙera masa wata tafireta ta musamman da yake nuna haruffa a kanta. Da wannan ma ya gagara, sai Edith ta riƙa jero masa haruffa yana yi mata alama idan ta iso kan wanda yake so, ita kuma ta cinki sauran kalmar. Duk abin da ya wallafa daga nan har mutuwarsa ta wannan hanya ya fito, kuma ba ƙaramin rabo matar take da shi a cikinsa ba. Abokai kan hau zuwa ɗakinsa da ke saman bene ran Asabar da ranakun idi domin a cika mutum goma da ake bukata kafin a yi ibadar jam'i. A 1923 malamin addini Leo Baeck ya ba shi laƙabin Morenu, wato malaminmu, kamar yadda Nobel ya yi niyya kafin mutuwarsa.

Aikin farko da ya kammala a wannan hali shi ne fassarar waƙoƙin Yehuda Halevi, likita kuma sha'iri Bayahude da ya rayu a Andalus, ya mutu a 1141. Halevi da Larabci ya rubuta littafinsa na kare addini, waƙoƙinsa na Ibrananci kuma a kan ma'aunan arulin Larabawa ya ɗora su, waɗanda malaman ƙasar Hausa ma suka ara a rubutattun waƙoƙinsu. Rosenzweig ya dage sai Jamusancin ya bi ma'auni da amsa-amon asali ko da zai yi wa kunne baƙunta, kuma kowace waƙa ya bi ta da ɗan sharhi, tamkar darasin Lehrhaus a rubuce. Waƙoƙi 60 suka fito a 1924, aka faɗaɗa su zuwa 92 a 1927.

A 1925 wani matashin mai buga littattafai, Lambert Schneider, ya nemi Buber ya sake fassara littattafan Yahudawa masu tsarki. Buber ya ce sai dai tare da Rosenzweig. Buber kan yi daftari ya aiko, Rosenzweig ya mayar da gyare-gyare, sannan Buber ya zo daga garin Heppenheim ya karanta masa da babbar murya.

Jamusawa sun saba da fassarar Martin Luther tun ƙarni na 16, har ta zame musu kamar da harshensu aka saukar da littafin. Su biyun sun so mai karatu ya ji Ibranancin a bayan Jamusancin. Suka yanka layuka daidai da numfashin mai karantawa a bayyane. Da yake Ibrananci, kamar Larabci, yana gina kalmomi ne a kan saiwa mai baƙaƙe uku, duk inda saiwa guda ta maimaitu sai su nemo saiwa guda ta Jamusanci su maimaita, ko da sai sun ƙirƙiro kalma. Sunan Ubangiji da Yahudawa ba sa furtawa kuwa suka mayar da shi Shi, ko Kai, ko Ni, da manyan baƙaƙe. Ba kowa ya ji daɗi ba. Tsohon malamin Lehrhaus, Kracauer, ya caccaki aikin a jaridar Frankfurter Zeitung a 1926, yana mai cewa harshen ya yi warin tsohon yayi.

Kiɗa kuwa, wanda ya so tun yana yaro mai goga goge irin na Turawa, garmaho ne ya dawo masa da shi ɗaki. A 1928 da 1929 ya riƙa rubuta wa wata jaridar garinsu Kassel sharhi a kan sababbin fayafaye. Sa'ad da ya mutu, shi da Buber suna cikin littafin Ishaya.

Bayan mutuwarsa

Rosenzweig bai shiga ƙungiyar Sahyoniyawa masu neman kafa wa Yahudawa ƙasa a Falasɗinu ba, kuma a kan wannan sun sha bamban da Buber da Scholem. Shi ya yi imani cewa mutum zai iya zama cikakken Bayahude kuma cikakken Bajamushe, makarantarsa ma a kan wannan fata aka gina ta.

Shekaru uku da 'yan makonni bayan mutuwarsa Hitler ya hau mulki. A watan Nuwamban 1933 Buber ya sake buɗe Lehrhaus, wannan karo ga mutanen da ake kora daga ayyukansu da jami'o'i da zaurukan kiɗa, waɗanda da yawansu sai a lokacin suka fara tambayar mene ne wannan Yahudancin da ake tsangwamarsu a kansa. Makarantar ta ci gaba har 1938, shekarar da Buber ya bar Jamus aka kuma ƙona wuraren ibadar Yahudawa. Fiye da Yahudawan Frankfurt dubu 11 ne suka hallaka a kisan ƙare-dangin 'yan Nazi.

Buber ya kammala fassarar shi kaɗai a Ƙudus a 1961. A wajen walimar kammalawar Scholem ya nuna cewa aikin da aka fara a matsayin kyauta ga Jamusawa ya zama kamar dutsen kabari, tunda Yahudawan da aka yi shi dominsu babu su.

Sunan Lehrhaus dai bai ɓace ba. An kafa wata makarantar manya da wannan suna a Berkeley ta Amurka a 1974, wata kuma a Zurich ta Switzerland a shekarun 1990, wadda daga baya ta shigar da nazarin Musulunci cikin darussanta. Tun 1968 ake bayar da wata lambar yabo a Jamus mai ɗauke da sunayen Buber da Rosenzweig, kuma a 2011 marubuci Musulmi Navid Kermani, Bajamushe ɗan asalin Iran, ya karɓe ta.

Edith da Rafael sun tsere zuwa Falasɗinu a 1939. Littattafan Rosenzweig kimanin dubu uku da aka ɗoro a jirgin ruwa domin su bi su ba su isa ba, saboda yaƙi ya sa kayan sun maƙale a tashar Tunis. Daga nan suka shiga ɗakin karatu na ƙasar Tunisiya, kuma a 2017 aka wallafa jerin sunayensu a Jamus.